Inabin da Ya Hau Bene

Abokan aikinsa Ba-Burki suke ce masa, saboda in ya hau tirela ya ɗauki hanya, sai mai ya ƙare ko yunwa ta ci ƙarfinsa zai tsaya. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana jigilar siminti da taki da buhunan sukari, duk dai abin da kamfani ya ɗora masa. Ya san kowane rami da kowace kwana, ya san inda ake shayi mai kauri da inda ake tsinka shi da ruwa. Gidansa ne kawai bai sani ba. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu na wani tsohon bene, kuma a wurinsa wajen wanka ne da barci da canza kaya. Yaransa suka girma yana kan titi, matarsa ta raine su har kowa ya kama gabansa.

Ranar da ya je sabunta lasisi, likitan ido ya nuna masa allo. Ya karanta layin sama, ya lallaɓa na biye, sauran kuwa suka zama masa tururuwa. Kamfani ya yi masa godiya, aka ba shi agogon bango da hakkinsa, ya dawo gida da tabarau mai kauri.

Zaman gida ya zame masa ciwo. Da sassafe zai yi wanka ya shirya tsaf, sannan ya tuna ba inda za shi. Ya kwance fankar falo da ba abin da ya same ta, ya mayar, ƙusa biyu suka yi saura. Ya koma kicin yana ba da shawara a kan yawan gishiri.

"Maigida," in ji matar, "tun kafin a haifi babban ɗanka nake tuƙa kicin ɗin nan, ban taɓa neman yaron mota ba."

Ya ɗauki kujerarsa ya nufi baranda, nan ma ba masaka tsinke. Gwangwanayen madara ne, da bokitan fenti, da wata tsohuwar tukunya da ta huje, kowanne da tsiro a ciki. Wasu ganyensu faffaɗa, wasu sun zubo ƙasa kamar gashi, wasu sai ƙaya. Saboda su ne maƙwabta ke kiran matar Mai Gwangwani, ita kuma tana amsawa da fara'a.

"Maman yara, wannan ciyawa ce a gwangwani. Ba a ci, ba a sayarwa. A rage min wurin da zan miƙe ƙafa."

"Su suka taya ni hira lokacin da kake hira da kwalta," ta ce. "Ka miƙe ƙafarka a falo."

Ana cikin haka autarsu ta haihu a wani gari, kuma sai da aka yi mata aiki. Dole uwar ta je ta zauna da ita. Kafin ta tafi ta ja shi baranda ta nuna masa komai. Ta daɗe a kan wata mai yaɗo, mai ganye mai kauri da sheƙi, wadda ta yanko daga gidan mahaifiyarta shekarar da tsohuwar ta rasu.

"Ka tsoma yatsa a ƙasar. In ta bushe ka ba su ruwa, in da danshi ka ƙyale su."

"Wanda ya riƙe tirela guda, gwangwani ne zai gagare shi? Ki je kawai, ki gaishe min da jikana."

Maganar yatsa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Shi abin da ya sani, lagireton mota ba a barinsa da ƙishi. Safe da yamma sai ya cika kowane gwangwani har baki. Da ganye ya fara yin rawaya, sai ya ce ruwa ne bai isa ba, ya ƙara da na rana. In ta bugo waya ta tambaya, sai ya ce suna nan lafiya lau, har sun fi yadda ta bar su. Sai da wari ya fara tashi daga ƙasar, kuma mai yaɗon nan ta mahaifiyarta ta langwaɓe, gindinta ya yi baƙi ya yi laushi, sannan ya gane ya yi ɓarna.

Ya sa gwangwanin a leda ya nufi bakin babban titi, wurin wani dattijo mai sayar da furanni da ya sha wucewa ta gabansa a tirela bai taɓa ko kallonsa ba.

"Irin wannan nake so. Girmanta ɗaya, a sa min a gwangwanin nan."

Mai furanni ya dubi shukar, ya dubi mutumin. "Ta matarka ce?"

"Tata ce."

"Akwai irinta, ga su can. Amma za ta gane."

"Ta yaya? Ganye ai ganye ne."

"Me kake yi, sana'a?"

"Direba ne ni. Dā."

"To in aka canza maka mota aka bar maka lambar, za ka kai ƙofar gareji ba ka gane ba?"

Direba ya miƙa masa gwangwanin. Mai furanni ya kife gwangwanin, ƙasar ta zubo kamar taɓo, saiwoyin duk sun ruɓe. Ya ce ruwa ne ya shaƙe ta, amma saman da ransa. Ya ciro wuƙa ya yanka reshe uku, kowanne daga ƙasan gaɓa, ya cire ganyen ƙasa. Ya ce a tsoma su a kofin gilashi, a ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta duka, a riƙa canza ruwan. Sauran gwangwanayen kuma a zazzage su, a gauraya ƙasar da yashi, a buɗe hujin gindinsu da ya toshe.

"Sannan me?"

"Sannan ka jira."

Jira shi ne abin da bai taɓa koyo ba. Amma ya yi aikin yadda aka ce. Kusan rabin shukokin sun riga sun tafi, ya zubar da su yana jin kamar ya buge dabbar mutane a hanya. Waɗanda suka rage ya yi musu sabuwar ƙasa, ya huda gwangwanaye da ƙusa da guduma, duk wadda ya ga da sauran kore ya yanki reshenta ya tsoma a ruwa. Kullum da safe kafin ya sha shayi sai ya ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya ya duba. Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari.

Wata safiya ya hangi wasu 'yan fararen ɗigo a gaɓar reshe ɗaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Tun da idon nan ya taɓa kunyata shi a gaban likita, bai yarda da shi ba, sai ya ɗauki kofin ya sauka ƙasa wurin maƙwabcinsa mai walda.

"Duba min nan. Datti ne ko me?"

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ƙura ido. "Baba Direba, ai saiwa ce."

"Ka tabbata?"

"Ga ta nan har uku."

Ya hau bene yana riƙe da kofin da hannu biyu, yana dariya shi kaɗai.

Da matar ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce baranda. Ta tarar da rabin wurin fayau, ga kofunanta na baƙi, waɗanda ba ta bari kowa ya taɓa, an jera su a kan katako kowanne da reshe a ciki. Ta daɗe a tsaye. Shi kuma yana bayanta, bai ɓoye komai ba, ya faɗa mata yadda aka yi daga farko har ƙarshe, har da niyyar sayen wata ya musanya.

Ta ɗauki kofi ɗaya ta ɗaga a haske. Saiwoyi farare sun cika gindinsa, ga ɗan sabon ganye yana leƙowa.

"Wannan ta Mama ce?"

"Ita ce. Da waɗancan biyun."

"Shekara da shekaru ina so in raba ta, tsoro ya hana ni sa mata wuƙa." Ta ajiye kofin a hankali. "Ka kashe min rabin baranda, Maigida. Wannan ba zan manta ba. Amma tunda fili ya samu, daga tukunyar can zuwa bango naka ne. Mu ga abin da za ka iya. Kuma ka sayo min kofuna."

Nan gasa ta tashi. Ita furanni, shi kuwa ya ce ba zai shayar da abin da ba zai shiga tukunya ba. Ya shuka tumatir da tattasai da na'a-na'a. In wani baƙo ya zo, kowannensu sai ya ja shi ɓangarensa. Tumatirinsa ya yi kyau har ya fara fure, yana ta cika baki, sai ga wasu ƙananan fararen ƙwari sun mamaye ƙarƙashin ganyen. Ya ce zai sayo magani mai ƙarfi ya yi musu feshi ɗaya su huta.

"A barandar da muke shan iska? Kawo roba da sabulu."

Ta kaɗa ruwan sabulu, ta ba shi tsumma ta ɗauki ɗaya. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna goge ganye ɗaya-ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, kuma baki ba ya zama haka nan. A nan ya ji yadda babban ɗansu ya taɓa karya hannu ta goya shi har asibiti, shi yana can wata ƙasa da siminti. Ya ji yadda Auta take kwana da tsohuwar hularsa tana ƙarama. Ita ma a nan ta ji labarin ranar da burki ya tsinke masa a gangare, abin da bai taɓa gaya wa kowa a gidan ba. Ta tsayar da tsumma ta dube shi, sannan ta ci gaba da goge ganye.

Ƙwarin sun cinye mafi yawan tumatirin duk da haka. 'Yan ƙwayoyin da suka tsira bai bari a dafa ba, ya yanka su da gishiri suka ci a tsaye.

Baranda ta yi masa kaɗan. Idonsa ya faɗa kan filin da ke bayan benen, inda mutanen gidan suka mayar juji: karyayyun kujeru, ledoji, ɓaraguzan gini. Ya sami mai kula da gidan, mutumin ya ce in zai iya kwashe sharar, ya yi abin da ya ga dama da wurin, yana faɗa yana dariya. Washegari Direba ya ari baro da shebur. Masu wucewa suka ce ritaya ta taɓa kan Baba. Ya yi kwanaki shi kaɗai, matarsa tana sauko masa da ruwan sanyi. Sai mai walda ya rufe shago wata yamma ya kama masa. Bayansa wata malamar makaranta da ke hawan ƙasa ta fito da safar hannu, ta ce ta gaji da warin da ke shigo mata ta taga. Kafin a ankara mutum bakwai ko takwas ne ke aikin.

Da aka share sai aka tarar ƙasan duk duwatsu ne da siminti, ko ciyawa ba za ta fito ba. Kowa ya yi sanyi. Direba ya koma gefe da wayarsa ya buga wa tsofaffin abokan aikinsa.

Wata Asabar da rana unguwar ta ji hon irin na babban titi. Tirela ce ta kutso cikin siririn layinsu da baya-baya, mutane suna janye shanya da babura. Tsofaffin tayoyi ne a kanta jibge, da buhunan baƙar ƙasa da takin dabbobi. Direbobi uku suka diro suna dube-dube.

"Ba-Burki, ashe kai ma ka yi fakin."

"Na yi," ya ce. "Ku sauke a hankali, kada ku fasa min buhu."

Aka jera tayoyin layi-layi, aka cika su da ƙasa, malamar ta kawo ragowar fenti aka shafa musu launi. Kowane ɗaki a benen ya sami rabonsa. Mai Gwangwani ta zama uwar furanni, duk mai son reshe wurinta yake zuwa, ita ke cewa wannan na inuwa ne, wancan na rana. Mijinta ya riƙe ɓangaren kayan miya, kuma duk sabon shiga abu na farko da yake koya masa shi ne tsoma yatsa a ƙasa, yana faɗa da isa kamar shi ya ƙirƙiro. Safiyar Asabar ta zama ta lambu. Mutanen da suka shekara suna haɗuwa a matakala ba su wuce gaisuwa ba, yanzu suna musayar iri, suna gardama a kan wanda kabewarsa ta fi girma. Shekarar nan tumatir ya yi albarka har aka rasa inda za a sa shi, Direba ya cika kwali ya aika wa abokansa gareji.

Sai gwiwar matar ta fara ba ta wahala. Da farko takan sauko tana hutawa a kowane hawa, daga baya sai sau ɗaya a mako, har likita ya ce ta bar matakala in ba dole ba. Ta koma zama a baranda tana leƙen lambun daga sama, tana ba da umarni kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi. Tana dariya tana yi, amma shi da ya fara sanin fuskarta yanzu, ya ga abin da ke ƙarƙashin dariyar. Yakan hau mata da fure ko ganye, ta karɓa ta gode, sai dai abin da aka tsinko aka kawo maka ba ɗaya ba ne da wanda ka sa hannu ka tsinka.

Ya koma wurin mai furanni, wanda zuwa lokacin ya zama abokin hirarsa.

"Ina son abin da zai hau bene."

"Hawa nawa?"

"Biyu. Kuma a ci."

"Inabi. Amma ba na mai gaggawa ba ne."

"Na bar gaggawa."

Ya haƙa rami mai zurfi daidai ƙarƙashin barandarsu, sai da ya fasa siminti da diga, sannan ya dasa inabin. Mai walda ya kafa ƙarfe a bango, ya ja wayoyi har sama. Matar ta leƙo ta ga ɗan sanda mai ganye huɗu a gindin waya mai tsawon bene biyu, ta ce, "Wannan kafin ya iso ai jikanka ya yi gemu."

Shekarar farko kurangar inabin ta kai tagar malamar makaranta. Da lokacin sanyi ya zo mai furanni ya ce a datse ta, a bar reshe ɗaya mai ƙarfi. Direba ya yi ta zagaye ta da almakashi a hannu kafin ya iya. Shekara ta biyu ta yi wani irin tashi, ta wuce hawa na farko, saura kaɗan ta taɓa ƙasan barandar. Sai aka yi wata iska mai ƙarfi da ruwa da la'asar, ta fizge ta daga waya ta kwantar da ita a kan tayoyi. Ruwa na tsayawa ya fito ya tarar da ita a ƙasa, ganye a yage, amma gindin bai karye ba. Ya ɗauko tsani ya jingina.

"Maigida, sauka daga kan abin nan," in ji matar daga sama. "Gwiwa ɗaya ta ishi gidan nan."

Mai walda ya karɓi tsanin, malamar da sauran maƙwabta suka tallabo kurangar kamar ana ɗaukar mara lafiya, Direba yana ƙasa yana cewa dama kaɗan, hagu kaɗan. Suka ɗaure ta da tsummokara masu laushi gaɓa-gaɓa.

A shekara ta uku, wata safiya yana ƙasa yana ba tattasai ruwa, ya ji ta kira shi. Murya ce ƙasa-ƙasa, ba irin ta umarni ba.

"Hawo ka gani."

Wani siririn zare kore ya zagayo ƙarfen barandar ya naɗe shi, ga ɗan ganye ko tafin jariri bai kai ba yana rawa a iska. Ta sa yatsa ta taɓa shi. Daga ranar ita ta karɓi ragamar saman. Ita ke karkata rassan su bi ƙarfen, ita ke cire ganyen da ya tare rana. Da 'ya'yan suka fito curi-curi, tsuntsaye suka gano wurin, sai ta yayyanka tsohon labule mai raga ta ɗinka wa kowane curi jakarsa.

Ranar da suka nuna, yaran duk suka zo da iyalansu, falo ya cika har matakala. Mutanen lambu suka taru a ƙasa suna kallon sama, mai furanni ma ya rufe wurinsa ya zo. Tana zaune a kujerarta, ta miƙa hannu ba tare da ta tashi ba, ta kwance jaka ɗaya, ta sa almakashin ɗinkinta ta yanke curin farko. Ta tsinki ƙwaya ɗaya ta sa a baki. Kowa ya zuba mata ido, Direba ya fi kowa.

"Da ɗan tsami," ta ce. Sannan ta tsinki ta biyu, da ta uku, ta miƙa masa sauran tana share ido da gefen mayafi. "Ka iya, Baban yara."

Aka ɗaura wa bokiti igiya, tana yanka tana zubawa, jikoki suna zura shi ƙasa, mutanen lambu suna karɓa suna rabawa, bokiti ya dawo a sake cikawa. Ana cikin haka wani tsoho da ke hawa na uku, wanda shi ma ya daɗe bai sauko ba, ya leƙo da kansa ta saman barandarsu.

"Direba, mu na sama fa? Nan ne tashar ƙarshe?"

Direba ya ɗaga kai ya auna tazarar da ido, sannan ya leƙa ƙasa ya nemo mai walda a cikin taron.

"Akwai sauran waya a shagonka?"

"Akwai."

"To gobe da safe ka zo da tsani."